Gwaji na Tara

Abin da ya rage mini na ɗana na fari bidiyo ne guda ɗaya, wanda bai cika minti guda ba. Yana zaune a ƙasa kusa da murhun da ba wuta, yana ta buga ludayi a gindin kwano. Can sai ya ɗago ya gan ni da waya, ya miƙo hannu ya ce, "Ba ni." Ya sake faɗa, sannan ya ƙyalƙyale da dariya. Shi ke nan. Muryata ba ta ciki, don a sace na ɗauka, ranar da matan gidan suka tafi suna.

Kowa ya san kunyar ɗan fari, amma ta gidanmu a Ɗanzomo ta fi ta ko'ina tsanani. Har babata ta tsufa ban taɓa jin sunan yayanmu a bakinta ba. Haka ni ma na tashi. Ban kira sunan yaron ba, ban yi masa rawa a cinya a gaban mutane ba. In yana kuka akwai baƙi, sai wata ta ce in ɗauke shi mana, sannan in ɗauka kamar wadda aka tilasta. Da lokacin yaye ya yi aka kai shi Gagarawa wurin surukata, wadda muke kira Inna. Bai yi sati biyu a can ba zazzaɓi ya kama shi. A hanyar kai shi asibiti a Gumel ya cika, a kan cinyarta. A zaman makoki mata suna ta yabona, wai 'yar nan akwai kara, ko hawaye ba ta zubar ba. Na zubar. A bayan gida na yi nawa kukan, da buta a hannu don kada a gane abin da ya kai ni.

Ni da maigidana ba mu taɓa zama mun yi maganar yaron ba. Shi ma ɗan farinsa ne. In zance ya biyo ta wajen sai ya ce "wancan lokacin", ni kuma in sunkuyar da kai, a wuce wurin.

A Maigatari muke zaune, a bayan tashar manyan motoci. Ya yi difloma a Gumel, aiki bai samu ba, ya kama acaɓa, ko kabu-kabu kamar yadda mutanen tsallaken iyaka, 'yan Nijar, suke cewa. Allah ya sake ba mu haihuwa, mace. Tun da aka haife ta hankalina bai ƙara kwanciya ba. Ko barcin rana take yi sai in dinga barin abin da nake yi ina zuwa in kara yatsa a hancinta. In jikinta ya ɗan yi ɗumi, ni ce har ƙofar mai kemis da mayafi a karkace.

Tana da wata biyar wani abokinsa da ke Kano ya aiko masa da tsohuwar kwamfuta, irin ta ɗorawa a cinya. Ya ce ya koyi wani aiki da ake iya yi daga ko'ina, ko daga bakin iyaka ne. DevOps, haka yake a rubuce a saman kowane darasi. Na tambaye shi ma'anarsa. Ya yi ta kame-kame, daga baya ya ce in ɗauka masu rubuta manhaja su ne masu girki. Shi kuma abin da yake koyo aikin wanda ke kula da murhu ne da itace da ruwa, wanda zai tabbatar abinci ya isa gaban mutane da zafinsa kullum, ko da tukunya ɗaya ta fashe. Na ce ashe aikin mata ne. Ya ce to in matso in koya masa.

Da wasa aka fara. Bayan sallar asuba yake zama, kafin garin ya tashi a yi wa sabis yawa. Akwai wata 'yar na'ura mai kamar sabulun wanka da ake sa wa layi, ita ke jawo sabis ɗin. A reshen darbejiyar tsakar gida muke rataye ta, don in tana ɗaki sai na Nijar ya danne namu. Wani mutum ne mai saurin magana yake koyarwa da Turanci a bidiyo. Maigidana sai ya tsayar da shi, ya juyo ya mayar mini da Hausa, wai in bai faɗa wa wani ba ba ya zama a kansa. Ni karatuna firamare ne da aji ɗaya a gaba, amma hannuna yana da kyau. Ya sayo mini littafi mai layi, ya ce duk umarnin da aka rubuta a baƙin allon nan in kwafe shi yadda yake, harafi da harafi.

Abin ba ya da uzuri ko kaɗan. In ka bar tazara inda ba tazara, ya ƙi. In ka sa babban harafi a wurin ƙarami, ya ƙi. Maigidana yana da gaggawa, ni kuwa tun da ban san ma'anar kalmomin ba, siffarsu kawai nake kallo, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Sau da yawa yana ta tsaki, sai in nuna masa da ƙarshen biro in ce, "Malam, a nan akwai ɗigo." Daga nan ya laƙaba mini Injiniya. In ya dawo da yamma sai ya ce Injiniya a kawo ruwa, maƙwabta suna dariya.

A sati na uku ya samu abin da suke kira saba. Kwamfuta ce ta wasu mutane, tana can wata ƙasa a cikin ƙaton ɗaki mai sanyi, sun ba masu koyo aronta. Daga tamu ake shiga cikinta da mabuɗi, mabuɗin ma rubutu ne. Ni ban iya ce mata saba ba, sai na raba su, ta nan da ta can. Ranar da ya fara shiga ya daɗe yana kallon allon, ya ce, "Kin ga, yanzu hannuna yana wata ƙasa, ni ina Maigatari." Ya yi kwanaki yana gyara ta, ya sa wannan ya cire wancan. Duk fayil ɗin da ya yi na koyo sai ya sa masa suna gwaji, da lamba a gaba: gwaji na ɗaya, na biyu, har na takwas.

Sai aka zo darasin tura kaya daga ta nan zuwa ta can. Da hoton babur ɗinsa ya gwada. Da hoton ya isa ya ce ko gidan nan ya ƙone, Allah ya kiyaye, abin da ke can yana nan daram. Wannan maganar ce ta shige ni. A lokacin wayata ta fara ciwo. Ta taɓa faɗawa cikin bahon wankan yarinya, tun daga nan take mutuwa da kanta, sai an bubbuga ta take tashi. Kuma a cikinta bidiyon yake.

Alhamis ranar kasuwa ce, ba darasi, tun da duku-duku yake fita sai magariba. Na goya yarinya, na rataye na'urar a darbejiya, na buɗe littafina. Na jona wayar da igiyar caji kamar yadda na ga yana yi. Sau huɗu ina rubuta umarnin yana ƙi, a na biyar ya tafi. Na sa masa suna gwaji na tara, don ya saje da 'yan uwansa. Sannan na goge na cikin kwamfutar nan, na bi shi har kwandon shara na sake gogewa, don abokansa suna zuwa su buɗe ta su yi kallo. Ba a yi kwana goma ba wayar ta mutu gaba ɗaya. Ya kai ta Gumel, mai gyara ya ce cikinta ya ƙone, ya ciro memori ya ba shi ya kawo mini. Karatun Alƙur'ani ne kawai da waƙoƙin biki a memorin. Bidiyon a jikin wayar yake, ya tafi da ita. Na ƙulle memorin a bakin ɗankwali na jefa a kwalla.

Saura guda ɗaya ke nan a duniya, na can.

Duk Alhamis sai in sauko da shi in kalla, sau uku ko huɗu, in rage murya. Yarinyar tana bayana tana leƙowa ta kafaɗata. In na gama in goge na nan, in bar na can. Maigidana ya yi ta mamakin yadda data take ƙarewa, yana zagin kamfanin layi, ina jin sa ina tankaɗe. Na sha niyyar gaya masa. Sai in shirya maganar tun daga wanke-wanke, in ya shigo ya ce Injiniya, sai ta maƙale. Ta ina zan fara? Sai na ambaci yaron, kuma sai ya san duk watannin nan ina zaune ina kallonsa.

Ana cikin haka Inna ta zo. Maganin ido ta je karɓa Gumel, ta ce bari ta ƙaraso ta ga jikarta ta kwana biyu. Tun rasuwar ba ta ƙara sakewa da ni ba, ni ma haka, gaisuwa ce mai tsawo sai shiru. Ba ta ga amfanin kwamfutar nan ba. Ta ce talabijin ce marar hoto, mutum da babur ɗinsa lafiyayye ya zauna yana danne-danne har rana ta fito, abokan sana'arsa sun kwashe fasinjan safe. Shi kuwa ya ƙudura sai ya nuna mata ba wasa yake yi ba.

Washegari da safe ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin, jikarta a cinya, tana ɓarar gyaɗa da hannu ɗaya. Ni ina gefen maigidana da littafi. Mutumin bidiyon ya yi ta magana, maigidana ya tsayar da shi, fuskarsa ta washe. Ya ce yau aka zo wurin. Wai duk wanda ya gina saba da hannu, yau ya sa wannan gobe ya sa wancan, bai iya aikin ba tukuna, don in ta lalace ba zai tuna yadda ya yi ba. Gwanaye a rubuce suke tsara komai a fayil guda, fayil ɗin ne zai gina ta cikin minti kaɗan, in an rushe a sake ginawa. Kuma malamin ya ce kada mai koyo ya ƙwallafa rai a kan ta farko. A goge ta yanzu, a ga sabuwa ta tashi.

Na ajiye biro. Na ce ko za a bari sai gobe. Ya ce yau sabis yana da kyau, ga Inna kuma tana nan, gara ta gani da idonta. Inna ta ce ita da idon da ake ɗiga wa magani, me za ta gani. Ya yi dariya ya ci gaba da dannawa, har wani ɗan akwati mai jan rubutu ya fito. Na san ja gargaɗi ne. Ya fassara mana: in an goge, duk abin da ke ciki ya tafi, ba dawowa.

A nan ya tsaya. Ya juyo ya dube ni, ba irin duban da ya saba ba, ya rage murya.

"Akwai abin da kike so a ciki?"

Inna ta daina ɓarar gyaɗa ta ɗago kai. A kan cinyar nan da jikarta take zaune yaron ya cika. In na ce akwai, za ta tambaya mene ne. In ta tambaya sai an buɗe, muryarsa ta fito a tsakar gidan, a gabanta, a gaban ubansa, kuma a san ni na ɓoye shi. Duk wannan ya wuce ta kaina kafin a ƙifta ido.

Na ce, "Babu."

Ya ƙara duba na kaɗan, sannan ya turo mini kwamfutar. Abin ba ya yarda sai an rubuta kalmar gogewa da hannu, harafi shida. Ya ce wa Inna ta ga surukarta, ita ce ba ta kuskure. Na rubuta. Da na sa harafi ɗaya ba daidai ba, da ya ƙi, da na samu ko minti biyu ne. Na sha tunanin wannan daga baya. A lokacin bai zo mini ba, yatsuna suka yi abin da suka saba.

Sabuwar ta tashi kafin kunu ya huce. Rubutu ya yi ta gudu a allon shi kaɗai ba mai taɓawa, daga ƙarshe kore ya fito. Maigidana ya tafa hannu. Inna ta ce to, Allah ya sa albarka, amma ita har yanzu ba ta ga hoto ba. Da ya fita na rubuta umarnin da ke nuna abin da ke ciki. Na san me zan gani, amma na rubuta. Ba komai.

Da la'asar Inna ta shiga maƙwabta gaisuwa, shi kuma ya dawo shan ruwa. Ina bakin turmi. Ban ɗago ba na ce masa akwai abin da na ajiye a ta can. Ya ce ya sani. Taɓaryar ta tsaya a hannuna.

"Gwajina takwas ne," in ji shi. "Na ga na tara tun watan jiya. Na buɗe."

Na ce me ya hana shi magana. Ya ce abin da ya hana ni. Sau ɗaya ya kalla, a shagon mai caji, ya rufe ya fita ya bar babur a wurin ya yi ta tafiya a ƙasa har bakin iyaka. Ya ce da safen nan don shi ya tambaye ni. Da na ce babu, sai ya ɗauka yana cikin memorin da ya ga na ƙulle a ɗankwali.

"Ba ya ciki, Malam."

Ya zauna a kan bokitin da ke kife. Sannan ya kira sunan yaron, cikakke, sau ɗaya, kamar mai kiran wanda ke ɗaki. Tun ranar suna ban ji sunan a bakinsa ba.

Ya yi iya ƙoƙarinsa, ba zan ce bai yi ba. Ya rubuta wa 'yan uwansa masu koyo, kowa ya tambaye shi ko ya ɗauki kwafi kafin ya goge. Abokinsa na Kano ya turo wata manhaja mai tono abin da aka goge a kwamfutar nan. Ta yi yini tana aiki, ta tono hoton babur, ta tono takardun tsohon mai kwamfutar, har ta tono wani abu mai sunan gwaji na tara. Muka danna, bai buɗu ba. Wai sabbin abubuwa sun hau kansa. Kwana goma sha ɗaya maigidana bai taɓa darasi ba. Ni ce na gaji da ganin kwamfutar a kan akwati, na rataye na'urar a darbejiya na ce ya zo. Darasi biyu kacal muka yi, na ukun shi ne na yadda ake ajiye kwafi a wuri dabam kafin a taɓa komai. Darasi ne mai sauƙi, layi huɗu. Na kwafe shi a littafi da kyakkyawan rubutu, shi kuma bai fassara mini ba, ni ma ban tambaya ba.

Har yanzu muna yi. Ya wuce ni nesa, amma ni ma ina iya tayar da saba daga fayil in rushe ta, kuma in abu ya ƙi na san inda ake duba dalili. Aikin bai zo ba tukuna, acaɓan ne dai.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne safiyar da Inna za ta koma, kwana ɗaya bayan gogewar. Ya fita sayo mai don ya kai ta tasha. Muna tsaye a zaure ni da ita, ƙullin kayanta a ƙasa, yarinyar a bayana. Ta gyara mayafi, ta sake gyarawa, ta dubi hanya. Ba ta dube ni ba da ta yi maganar.

"'Yar nan, na ji ya ce abin naku yana ajiye hotuna. Ko akwai na mijin nan nawa? Fuskarsa ta fara ɓace mini. Ina rufe ido in nemo ta, sai in ga ta wannan."

Na ce, "Babu, Inna."

Ta gyaɗa kai. Ta ce dama ta san da wuya, yaran fari ba a cika ɗaukarsu ba. Ta ce Allah ya sa mai ceto ne, na ce amin. Muka ji ƙarar babur daga kan kwana. Ta sunkuya za ta ɗauki ƙullin, na riga ta, na riƙe mata har ta hau ta zauna sosai, sannan na ɗora mata a cinya.